Kejin kama shanu da muka sa a gona, bayan wata bakwai ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka fara ganin ƙarafan nan a gonarmu mutane suke ta tambayata, wannan ya ce nawa ka kashe, wancan ya ce yana aiki kuwa ko dai ado ne kawai, to yau na ce bari in zauna in rubuta komai yadda na gan shi, mai daɗi da mara daɗi, don yanzu wata bakwai ke nan muna amfani da shi, ya ga ƙarshen rani ya ga damina, ka ga ai na isa in yi magana a kansa. Ba zan kama sunan waɗanda suka yi mana aikin ba saboda akwai gyaran da har yanzu muke jira su zo su yi kuma zan faɗi laifinsu a nan ba ɓoye-ɓoye. Su biyu ne dai suke aikin tare, mai walda da wani likitan dabbobi, mai walda ya ƙera ya kafa, likitan kuma ya zo ya yi kwana biyu yana koya wa masu kula da shanun yadda za su yi aiki da shi.

Gonar tana wajen Zariya ne ta hanyar Funtuwa. Lokacin shanu 31 gare mu, yawancinsu Bunaji, sai Bokoloji shida na turke da na sayo don kiwon Sallah, sai shanun madara biyu masu jinin Firisiyan, wato shanun madara na Turawa, sai wani jan bijimi Rahaji guda ɗaya wanda zan zo kansa. Mai kula da su dattijo ne Bafulatani, Baffa muke ce masa, sai yara uku 'yan gari da ke taya shi yankan ciyawa da ban ruwa da kwashe kashi.

Abin da ya sa na nemi kejin shi ne ranar rigakafin ciwon huhu ta bara. Duk wanda ya taɓa yi wa shanu allura ba keji ya san yadda abin yake, a jefa igiya a ƙaho, mutum huɗu su rataya a kai, ɗaya ya murɗe wutsiya, a ja a kai gindin darbejiya a naɗe, wadda ta ƙi a zarge mata ƙafa a kayar, ga ihu ga ƙura ga sanda ta ko'ina. Mun fara da hantsi ba mu gama ba sai bayan la'asar, malamin allurar yana ta faɗa wai maganin nan na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da zarar an haɗa shi da ruwa ba ya jure zafi kuma ba ya jure jira, mu kuma ga shi saniya ɗaya sai ta ci mana minti goma sha. A ranar wata karsana ta fizge igiya ta kwashe wa ɗaya daga cikin yaran fatar tafin hannu, wani ɗan bijimi kuma ya buga kai a jikin bishiya kwanson ƙahonsa ya fita, jini har ƙasa. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, sai da muka yi kusan sati shanun nan in suka hango yaran sai su kwasa su koma ƙarshen shinge su tsaya suna huci, nono kuma ya ja baya sosai. Baffa bai taɓa igiya ba ranar, gefe ya koma ya dogara sandarsa yana kallo, da yamma ya ce da ni, Alhaji abin da aka yi yau ba kiwo ba ne. Maganar ta zauna min a rai.

To ga abin da aka kawo. Wani ɗan fili ne da aka kewaye da bututun ƙarfe inda ake tara shanun, daga nan sai siririn layi wanda saniya ɗaya ce kawai ke iya bi, faɗinsa bai wuce santimita 75 ba don kada ta samu damar juyawa, yana ɗaukar manya huɗu a jere, a ƙarshensa sai kejin kansa mai ƙofar da ke riƙe wuya, da ƙofar gefe don a kai ga ciki ko hantsa, da sandar ƙarfe da ake zurawa ta baya don kada ta ja baya ko ta yi harbi. Su kurosh suke ce masa, mu dai a gona layi muke cewa. Kuɗinsa gaba ɗaya da siminti da kuɗin mota da ladan likita ya tasam ma kuɗin bijimi mai kyau guda, na ba da adibas na rabi, suka ce sati uku, sai da aka yi sati bakwai ina bin su a waya. Wannan shi ne laifi na farko kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Ranar da aka gama kafawa yaran suka ce a gwada, ba mu jira likita ba, wallahi abin da ya faru bai da maraba da ranar rigakafi. Suka koro shanu kusan ashirin suka cusa a filin nan ya cika maƙil, kowa na ihu daga baya, ta gaba ta zo bakin layi ta toge ta sunkuyar da kai tana shinshina ƙasa, na baya suna hawa kanta, aka sa mata sanda ta juyo da ƙaho. Na koma gida ran nan raina a ɓace ina cewa na zubar da kuɗina a ƙarfe.

Kwana uku bayan nan Dakta ya zo, kuma gaskiya daga nan ne na fara ganin amfanin kuɗina. Abu na farko da ya yi bai taɓa saniya ba, sai ya ce duk mu shiga layin da kanmu mu duƙa daidai tsayin kan saniya mu bi mu ga abin da take gani. Na shiga na duƙa. Ga inuwar bututu ta zana ƙasa layi-layi kamar an shimfiɗa tsani, ga wani buhun dusa da aka rataya a jikin ƙarfe iska tana kaɗa shi, ga sarƙar ƙofa tana lilo daidai ido, sannan ga rana ta fito tana dukan fuska kai tsaye saboda layin yana kallon gabas ne. Ya ce to duk wannan da ku ba ku ɗauke shi komai ba shi ya tsayar da ita. Idon saniya a gefen kai yake, tana ganin kusan duk kewayenta, sama da digiri 300, sai ɗan gurbin da ke daidai bayan wutsiyarta ne ba ta gani, amma fa ba ta iya auna zurfin abu da kyau, shi ya sa inuwa ko kwata ko wurin da launin ƙasa ya canza sai ta tsaya ta sauke kai ta duba ko rami ne. In ka ba ta daƙiƙa kaɗan za ta wuce da kanta, in ka doke ta a lokacin ka koya mata cewa wurin nan wurin wahala ne kuma shanu ba sa manta wurin da suka sha wuya. Kunnenta kuma ya fi namu jin ƙara mai tsini, ihu da ƙarar ƙarfe kan ƙarfe suna tayar mata da hankali fiye da yadda muke zato.

Ya ce wannan dabarar ta shiga layi a duƙa ba tasa ba ce, ta wata farfesa ce a Amurka, Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Kolorado, wadda ta yi shekaru tana zana wa gonaki da mayanka hanyoyin da shanu ke bi, ita ce ta yi fice da layi mai lanƙwasa wanda dabba ba ta hango abin da ke ƙarshe. Ɗan filin tarawar kuma an ɗauko fasalinsa ne daga wani makiyayi shi ma ɗan Amurka, Bud Williams, wanda ya rasu a 2012, shi hikimarsa ita ce shanu in suka shiga wuri suka ga ba hanya, inda suka fito suke son komawa, to sai ka sa bakin layin kusa da ƙofar da suka shigo, su da kansu za su juyo su faɗa ciki suna ganin kamar fita za su yi. Na koma gida na kalli bidiyon mutanen nan a YouTube har dare ya raba.

Sai maganar kafaɗa, wadda ita ce ta fi ba yaran mamaki. Dakta ya sa karsana ɗaya a layi, ya tsaya ta gefe daidai gaban kafaɗarta sai ta ja baya, ya matsa ya koma bayan kafaɗar sai ta yi gaba, ba magana ba taɓawa. Ya maimaita sau uku. Ya ce kuskuren da kowa ke yi shi ne ka tsaya a gaban saniya kana dukan gindinta wai ta wuce, jikinka yana ce mata koma sandarka tana ce mata tafi, to wanne za ta ji. Da aka jera huɗu a layi sai ya taho daga gaba yana tafiya zuwa baya da ɗan sauri a gefensu, duk wadda ya gifta kafaɗarta sai ta matsa gaba, ɗaya bayan ɗaya, kamar ya ja su da zare. Ƙaramin yaron namu har tafi ya yi, Dakta ya ce masa a'a ƙanena tafin ma ƙara ne, yi a zuci.

Ya kuma nuna mana cewa kowace dabba tana da wata tazara a kewayenta da in ka shiga za ta motsa, in ka fita ta tsaya, kuma tazarar ba ɗaya ba ce, wadda ta saba da mutane tata 'yar kaɗan ce ko ma babu, wadda ta tashi a daji tata da faɗi. Aikin duka shi ne ka matsa kaɗan ta motsa sai ka ja baya ka sakar mata, sakin nan shi ne ladanta, da shi take gane ta yi daidai. Kuma kar a cika filin tarawa, rabi ya isa, biyar ko shida a lokaci guda. In ta riga ta firgita sai ta ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin zuciyarta ta kwanta, don haka wanda ya yi gaggawa shi ne zai fi daɗewa.

Amma inda abin ya fi yi min daɗi, kuma dalilin da ya sa nake girmama likitan nan, shi ne abin da ya faru a rana ta biyu. Shanun tatsa na Baffa sun ƙi duk wannan lissafin, ka shiga tazararsu ka fita ba ruwansu, kallonka kawai suke yi suna tuƙa, saboda ba sa tsoron mutum balle su matsa. Dakta ya yi ya yi, sai ya tsaya ya ce Baffa don Allah a nuna mana yadda ake yi. Dattijon nan bai ce uffan ba, ya saɓa sandarsa a wuya ya rataya hannuwa a kai, ya shiga layin ya wuce gaba, ya kira babbar saniyar da sunanta da Fulatanci sannan ya yi wani ɗan sauti da harshe, sai ga ta ta ɗago kai ta biyo shi, sauran suka jeru a bayanta har cikin kejin suka fita ta gaba, ba wadda ta ko shinshina ƙasa. Ya sake zagayowa da su sau biyu ba a rufe ƙofa ba ba a yi musu komai ba, a bakin fita kuma ya sa aka ajiye dusa da ɗan kanwa. Da ya tsaya sai ya sa hannu yana sosa mata ƙarƙashin wuya da gindin wutsiya, ta miƙe wuya ta lumshe ido. Baffa ya ce, Dakta ai saniya ba a kora ta inda ba ta sani ba, gaba ake shiga mata. Dakta ya ce wallahi Baffa kun fi mu sani, abin da muka karanta a takarda ku a cikinsa aka haife ku, ya ma ba mu labarin wasu masu bincike biyu daga Jami'ar Kalifoniya, Lott da Hart, da suka yi rubutu a shekarun 1970 kan yadda Fulani ke sarrafa shanunsu, har da wannan sosawar a wuraren da uwa ke lasar ɗanta. Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne ilimin yana gonata tun da daɗewa, ni ne ban taɓa cewa yaran su tsaya su koya a wurinsa ba, kullum sauri nake so.

Yanzu bari in dawo kan ƙarfen, don a nan ne matsalolin suke. Babbar matsala ita ce ƙofar riƙe wuya. Mai waldan a hoto ya kwaikwayo ta, kuma hoton na shanun Turawa ne marasa ƙaho, to mu kuwa Bunaji ƙahonta a buɗe yake ya yi sama, sai ta karkata kai kafin ta zura shi, wasu su iya wasu su kasa, Bokoloji ne kawai da masu jinin Firisiyan ke wucewa salin alin saboda su ƙahonsu gajere ne. Jan bijimin nan kam ko layin bai iya shiga ba, ƙahonsa ya fi faɗin wurin. Ya kamata a ce wanda ke sayar da irin wannan kaya a Arewa ya fara zuwa ya auna ƙahon shanun da za su bi, ya buɗa saman layin ya fi ƙasan faɗi, ya yi ƙofar da ke wangalewa gaba ɗaya daga sama har ƙasa. Mun yi magana ya yarda da kuskurensa ya ce zai sake ta, ina nan ina jira. A yanzu masu manyan ƙaho ba ma kama musu wuya, a cikin layin muke yi musu allura, a jera huɗu a zura sanda ta baya, kuma yana yi.

Daɓen ma sun shafe shi sumul kamar na tsakar ɗaki, ruwan farko da aka yi ga kashi ga fitsari sai wata saniya mai ciki ta zame ta durƙusa a kan gwiwa, Allah ya kiyaye ba abin da ya same ta amma gabana ya faɗi sosai. Saniya in ƙafarta ta zame tsoro take ji nan take. Sai da na kira birkila ya sassare daɓen ya yi masa zane mai zurfi kamar dara, muna kuma watsa yashi kafin aiki. Sakatun ƙofofin kuwa in aka sake su ƙararsu har bakin titi, muka yanka tsohuwar taya muka ɗaɗɗaure a duk inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, muka sa giris a hinjis, yanzu shiru. Sun rufe gefen layin da langa-langa, ita ma da saniya ta goga jiki sai ta yi ƙara kamar ana buga garwa, na cire na sa katako. Akwai wani bakin walda da ba su goge ba ya tsaga wa wata karsana fata a haƙarƙari, tun daga nan na bi ko'ina da tafin hannu ina shafawa, duk inda ya kama ni a sa garanda. Fenti kuma damina ɗaya ta kwashe shi a ƙasan ƙafafun, tsatsa ta fara. Maruƙa su kuma layin ya yi musu faɗi suna juyawa a ciki, su sai dai a hannu. Maganar kallon gabas ba yadda za a yi da ita tunda an riga an zuba kankare, sai muka yi rumfar zana a kai, ta kashe hasken ta kuma kashe inuwar tsanin nan, aiki ɗaya riba biyu.

Abin da zan yaba wa mai waldan shi ne bututun da ya sa mai kauri ne ba irin na gadon makaranta ba, ginshiƙan sun shiga ƙasa sosai, Bokoloji mai nauyi ya jingina da duk ƙarfinsa ko gezau, kuma ya bar 'yar kafar da mutum zai sulale ya fita in dabba ta taso masa, wannan kafar ta riga ta ceci yaro ɗaya.

To me ya canza. Rigakafin da muka yi na baya-bayan nan, shanun duka, mun fara bayan an gama tatsa muka gama kafin rana ta yi zafi, mutum uku kacal, ba wanda ya ɗaga murya, malamin allurar har yana tambaya ko mun ba su wani abu ne. Feshin kaska da a da sai mun yi shawara kafin mu tunkare shi yanzu duk lokacin da ya kama yi muke, ɗura maganin tsutsa da na hanta haka, kuma saboda kamun ya yi sauƙi ba ma jinkirta duba dabba, da an ga tana ɗingishi ko kirci ya fara fito mata a baya a ranar za a sa ta a layi. A da sai a ce bari mu gani zuwa jibi, don kowa na tsoron kokawar, jibin nan kuwa ita ke kashe dabba.

Wajen tatsa ma na ga bambanci duk da cewa ba a keji ake yi ba. Dakta ya yi mana bayanin cewa sakin nono wani sinadari ne a jiki ke kawo shi, oksitosin, kuma aikinsa na 'yan mintuna ne, in saniya ta tsorata sai wani sinadarin da tsoro ke tayarwa, adirenalin, ya tare shi, nonon yana cikin hantsa amma ba zai sauko ba, abin da muke cewa ta ɗauke nono ko ta hana. Shanunmu masu tozo kuma yawanci sai sun ga ɗan maraƙinsu ya fara tsotsa suke saki, shi ya sa ake kwanto shi daga dangwali a bar shi ya ɗan sha sannan a ɗaure shi kusa da ita. Na kafa doka, lokacin tatsa ba kunna waƙa a waya, ba kare, ba baƙo, ba mai wucewa da babur, kuma mutum ɗaya ne ke tatsar saniya ɗaya kullum. Wadda ta fi kowa harbi a da, sai an yi mata dabaibayi, yanzu a tsaye ake tatsarta, ashe yaron da ke zuwar mata ta daidai bayan wutsiya yake zuwa inda ba ta ganinsa, sai dai kawai ta ji hannu. Yanzu ta gefe yake zuwa yana mata magana ya ɗora hannu a kafaɗa tukuna.

Kada in yi muku ƙarya, ba kowace dabba ce lallashi ke gyarawa ba. Hali ma gado ne a shanu kamar yadda yake a mutane. Bokoloji sanyin hali gare su tun asali, Bunaji tsaka-tsaki, Rahaji kuwa an san su da zafin kai da saurin firgita, a hannun mai su suna bi kamar raƙumi da akala amma baƙo bai isa ba. Dakta ya ce mu riƙa ba kowace maki daga 1 zuwa 5 in tana cikin keji, 1 wadda ta tsaya cik, 5 wadda ke neman ɓalle ƙarfe, mu kuma lura da yadda take fita, tafiya ko gudu, da farin ido in ya bayyana da kaɗa wutsiya ba ƙuda da zawo nan take. Na sayi littafi ɗan sittin muna rubutawa. Ya ce akwai binciken da Grandin da abokan aikinta suka fitar a 1997 da ya nuna shanun turke masu sanyin hali sun fi masu zafin kai ƙara nauyi a kullum, ni ma a ido na ga haka, a cikin Bokolojin nan shida wanda ya fi kowa zabura shi ne ya fi kowa rashin cika duk da kwano ɗaya suke ci. Jan bijimin kuwa mun yi wata huɗu muna binsa a hankali, ya rage amma bai daina ba, ranar da ya sunkuyar da kai ya juya mana gefe yana tonon ƙasa da ƙaramin yaro a cikin shinge na ce shi ke nan. Baffa ma ya ce Alhaji a fitar da shi kar ya ba mu 'ya'ya irinsa. Na sayar. Kuma ko bijimin da ya fi kowa laushi ba a juya masa baya, wanda aka raina a hannu tun yana ƙarami ya daina jin nauyin mutum shi ya fi haɗari ma.

Ranar da aka zo ɗaukar na Sallah na tsaya da kaina a bakin mota na hana masu lodi duka da murɗa wutsiya, suka ce Alhaji haka ake yi a kara, na ce na sani amma ba a nan ba. Mahauci zai gaya maka duk inda sanda ta sauka jini ke kwanciya a naman sai an yanke an zubar, dabbar da ta galabaita kafin yanka kuma namanta baƙi yake yi ya kuma yi saurin lalacewa. Balle ma mu da aka ce mana Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai har wajen yanka, aka kuma hana dukan dabba a fuska, amma ka je kara ranar kasuwa ka ga yadda ake yi da sanda a ido da hanci, abin yana ci min rai ƙwarai.

In maki zan bayar, ƙarfen 6 cikin 10 har sai an gyara ƙofar nan, kwana biyun Dakta kuwa 9, ɗayan da na rage saboda ya kamata a ce shi ya fara zuwa kafin a haƙa rami ko ɗaya, da ba a kalli gabas ba da ba a shafe daɓe ba. Mai shanu ashirin zuwa sama, musamman mai madara ko mai turke da ke yawan allura da feshi, ina ganin ya dace ya yi, amma ya sa a rubuce cewa za a auna ƙaho, a yi daɓe mai kaushi, a goge walda, a sa roba a sakata, kuma kar ya biya balas sai shanunsa sun bi ta ciki a gabansa. Mai shanu biyar ko takwas kuwa kar ya takura kansa, gumagumai masu ƙwari a kafa layi biyu a ɗaure da kyau a shafa baƙin mai saboda gara, zai yi masa aiki, wani maƙwabcinmu ya zo ya auna namu da igiya ya je ya yi nasa na itace kuma ranar da zai fara gwadawa sai ya aiko a ba shi aron Baffa. Mai waldan ya ce bayan girbi zai zo da sabuwar ƙofar, in ya kawo muka gwada ta da manyan Bunajin zan dawo in faɗa muku yadda ta kasance.